Sayen a-kori-kura mai fowil a Zariya: yadda dokar hayaƙi da injin haibirid ke taɓa kuɗinta ranar sayarwa

Manomin da ke da gona a Soba ko Giwa, da ɗan kwangilar da ke kai siminti ƙauyukan bayan Maigana cikin marka, abin da suke nema a mota guda ne: mai jan gaba da baya, mai tsayin ƙasa, wadda in an kai wa dillali da hantsi za a taya kafin la'asar. Shekara da shekaru amsar ba ta wuce Hilux ko Land Cruiser ba. Sunayen suna nan yadda aka san su, amma abin da ke ƙarƙashin bonet ya canza, kuma dokokin hayaƙi na Turai da Amurka ne suka canza shi. Can aka ƙera motar don dokar can. Nan kuwa abu uku ne ke yanke mata farashi: man da ke gidajen manmu, bakaniken da zai iya da ita, da wanda zai karɓe ta daga hannunka. A kan waɗannan ukun aka jera matakan nan.

Mataki na farko: gano ƙasar da aka ƙera motar dominta

Kafin ka zagaya bodi kana duba fenti, nemi lambar shasi. Haruffa ne da lambobi 17, ana ganinsu a jikin ƙofar direba, ko a gindin gilashin gaba, ko a jikin shasin. Farkon lambar na faɗin inda aka haɗa ta: J Japan ce, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko. Hilux mai farawa da MR0 daga Tailan take, mai AHT daga Afirka ta Kudu. A motocin Amurka harafi na 10 shi ne shekara: L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024. Wannan kaɗai ya isa ya tona asirin motar da aka sauya wa fuska da fitilu aka ce sabon yayi ce.

Amfanin sanin nan shi ne, Hilux ɗin da aka yi wa Jamus da wadda aka yi wa Dubai ko Najeriya ba abu ɗaya ba ne ko da shekararsu ɗaya. Turai ta fara ƙa'idar Euro 1 a 1992, ta yi ta ƙara ɗaure igiya: Euro 4 a 2005, Euro 5 a 2009, Euro 6 a 2014. Daga Euro 5 kusan kowace mota mai shan gas sai da aka sa mata matatar kunkunniya a salansa, wadda ake kira DPF. Da Euro 6 ta zo, yawancinsu suka ƙaru da tankin AdBlue, ruwan da ake fesawa a salansa don rage gubar hayaƙi. Ta kasuwar Afirka ko ƙasashen Larabawa galibi ba ta ɗauke da duk wannan kaya, shi ya sa dillalan da suka san kan sana'a suke sa mata kuɗi daban.

Ka kuma duba sitiyari. Motocin da aka yi wa kasuwar Ingila, Japan, Ostireliya da cikin gidan Afirka ta Kudu na hannun dama ne, mu kuwa tun 1972 muka sauya hannu. Wadda aka juya wa sitiyari a gareji, komai kyanta, rabu da ita. Wayarin ɗinta ba ya taɓa zama daidai, kuma a haibirid, wato mota mai haɗa inji da batirin lantarki wajen tafiya, wayarin shi ne rabin motar.

Mataki na biyu: dokar gida

Nan ba sai an daɗe ba. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli na da ƙa'idar hayaƙin motocin fetur da gas tun 2011. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince cewa daga Janairun 2021 motar da za a shigo da ita ta kai aƙalla Euro 4, man kuma kada sinadarin salfa da ke cikinsa ya wuce kashi 50 cikin miliyan. A titi dai har yanzu ido ne ma'auni: wadda ke turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi ita jami'an VIO ko na kiyaye haɗura ko 'yan KASTLEA ke tsayarwa. Amma alƙiblar a fili take, kuma wanda zai riƙe mota shekara shida ko bakwai sai ya lissafa da cewa ranar da zai sayar doka na iya fin ta yau tsanani.

Takardar kwastam ta fi duk wannan gaggawa. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, kuma a 2022 kwastam ta fara yanke diyuti da lambar shasi. Motar da takardarta ba ta dace da lambarta ba, kuɗinta ya karye tun kafin ka kunna ta.

Mataki na uku: in mai shan gas ce, leƙa ƙarƙashinta

Wannan matakin ya fi kowanne cin kuɗin mutane, saboda haka bari mu zauna a kansa.

Matatar DPF tara kunkunniya take yi a cikin ramukanta. In ta fara cika, ƙwaƙwalwar motar sai ta ƙara mai, zafin salansa ya kai kusan digiri 600, kunkunniyar ta ƙone. Hakan na buƙatar tafiya miƙaƙƙiya ta minti 20 zuwa 30 ba tsayawa. Mai zuwa Kaduna ko Kano a kai a kai ba shi da damuwa. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Tudun Wada zuwa PZ, PZ zuwa kasuwar Sabon Gari, a tsaya a Kwangila a bar inji na kaɗawa ana jiran yara, shi ne fitilar gargaɗi za ta kama wa. Daga nan mota ta rage ƙarfi da kanta, ta ƙi ja ko an take totur har ƙasa.

Sai batun mai. Gas ɗin Turai salfarsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan, na Amurka 15. Akwai lokacin da ƙa'idarmu ta yarda da har 3,000. Abin ya gyaru, matatar Dangote ma ta fara fitar da gas a 2024, sai dai direban da ya maƙale a ƙauye ya sayi jarka biyu wajen 'yan bumburutu bai san me aka gauraya ba, kalanzir ne ko ruwa. Injin zamani na tura mai cikin nozul da matsi mai tsananin gaske, sama da 1,500 a ma'aunin bar, ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya lalata su, kuma saitin nozul huɗu ba abin da ake saya da kuɗin aljihu ba ne. Baƙin man injin ma nasa daban ne. Mai DPF na son mai ƙarancin toka, wanda ake rubuta C2 ko C3 a jikin galan. In aka zuba na gama-gari tokarsa za ta toshe matatar, kuma toka ba ta ƙonewa kamar kunkunniya.

AdBlue kuwa ruwa ne tatacce da yuriya kashi 32.5 cikin 100, ana fesa shi a salansa don ya karya gubar hayaƙi. In ya ƙare, mota na yin gargaɗi, daga baya in ka kashe ta ba za ta sake tashi ba sai an zuba wani. Zafi na lalata shi, don haka ba a ajiye jarkarsa a bayan mota cikin ranar Afrilu. A garin manoma irin namu dole a faɗi wannan: kada wani ya ce maka ai takin yuriya ne, a jiƙa na buhu a tace. Ƙazantar da ke cikin takin gona za ta kashe famfon da abin fesawar.

To yaya ake dubawa? Ka tafi da bakanikenka, ba na mai mota ba, a ɗaga ta ko a hau rami. Bi salansa daga inji zuwa baya. Inda ya kamata a ga tulu mai wayoyi da siraran bututu biyu, in aka ga miƙaƙƙen bututu da sabon walda, an cire. In tulun na nan amma akwai layin walda a bayansa, an fasa an kwashe cikin an mayar. Sa yatsa cikin bakin salansa: mai DPF lafiyayya ba ta barin baƙi sosai, in yatsa ya fito kamar an taɓa gindin tukunya, matatar ba ta aiki ko babu ita.

Da yawa za su ce maka cirewar ita ce mafita, kuma gaskiya motar da aka cire wa aka gyara ƙwaƙwalwarta da kyau tana tafiya. Sai dai "da kyau" ɗin nan shi ne wuyar samu. Aikin rabi da rabi na barin mota tana ta ƙara mai don ƙona matatar da babu ita, gas ya riƙa sauka cikin baƙin mai, inji ya ci kansa a hankali. Ga hayaƙin kuma: tun 2012 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, kuma masu shaƙarsa su ne leburorin da ke zaune a bodi da 'yan acaɓan da ke bayanka. A ganina, in ba za ka iya ɗawainiyar DPF ba, nemi motar da tun daga kamfani ba ta da shi. Hilux mai injin fetur 2.7, da Land Cruiser 70 mai tsohon injin 1HZ, ba don ado suke riƙe kuɗi ba. Kayansu na nan a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, kuma yaron gareji ma ya san kansu.

Mai fetur ba ta da wannan dogon labari, sai abu ɗaya: tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, shi ya sa ake kwashe ta tun a hanya. Rashinta na kunna fitilar cek, kuma na'urar gwaji kan nuna lambar P0420.

Mataki na huɗu: wace irin haibirid ce?

Kalma ɗaya ake kira, amma iri uku ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba.

Akwai 'yar ƙarama mai bolt 48. Ita ce Toyota ta sa wa Hilux mai gas 2.8 daga 2024, Ram 1500 ma na da irinta tun ƙirar 2019. Ƙaramin batir ne da wata na'ura da ta maye gurbin altaneta, tana ɗan tallafa wa inji wajen tashi. Ba ta tafiya da lantarki zalla, sauƙin man da Toyota ke faɗa bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba, kuma a Hilux ɗin duk ɗawainiyar DPF na nan daram.

Akwai cikakkiya, wadda ba a jona ta da wuta, ita ke caja kanta. Nan Toyota Tundra take daga ƙirar 2022, da Toyota Tacoma ta 2024, da Ford F-150 PowerBoost tun 2021. Sabuwar Land Cruiser 250, wadda mu muka sani da Prado, a Amurka haibirid kaɗai ake sayar da ita.

Sai wadda ake jonawa da soket, irin su Jeep Wrangler 4xe da BYD Shark da sabuwar Ford Ranger. Batirinta babba ne, ribarta kuma sai ga mai cajin dare kullum. In unguwarku wuta sai an ga dama kuma ba ka da sola mai ƙarfi, nauyin banza za ka riƙa ja.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar haibirid ɗin a-kori-kura kamar ta Prius, ƙaramar motar Toyota mai tsimin mai. Kamfanoni irin su Toyota sun ajiye manyan injuna masu silinda takwas ne saboda doka, suka kawo ƙanana masu tobo, sannan suka ƙara lantarki don ƙarfin ya dawo. Tundra haibirid dokin ƙarfinta 437, ta fi tsohuwar mai injin 5.7. Amma duba shan mai a gwajin hukumar muhalli ta Amurka, ga masu jan baya kaɗai: wadda ba haibirid ba tana yin kusan kilomita 8.5 a lita, haibirid kusan 9.4. Mu ce kana cin kilomita 20,000 a shekara. Ta farko za ta sha kusan lita 2,350, ta biyu kusan 2,130. Bambancin bai wuce lita 220 da 'yan kai ba. Ninka shi da farashin fetur na yau, sannan ka ajiye kusa da ƙarin kuɗin da dillali ke nema don ita haibirid ce, da kuɗin batir in ranarsa ta zo. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowace lita na da zafi, ba musu, amma a doguwar hanya da lodin masara lantarkin kusan ba ya rage komai. A cunkoson cikin gari yake nuna kansa.

Ƙananan abubuwa biyu da ake mantawa. Land Cruiser 250 ta Amurka fetur mai daraja ta sama kamfanin ya rubuta mata, irin da ba a samu a kowane gidan mai. Soket ɗin da ke bodin F-150 da Tacoma, wanda ake kwaɗaita wa manoma cewa zai ja injin ban-ruwa, wutar Amurka yake bayarwa, bugu 60 a daƙiƙa, yawanci bolt 120. Kayanmu na bolt 230 ne da bugu 50.

Mataki na biyar: gwajin batir a filin dillalai

Ka iso, an goge mota tana ƙyalli. Dillali zai tarbe ka: "Ranka ya daɗe, wannan Beljiyam ce kai tsaye, ko noti ɗaya ba a kwance ba. Saya ka tuƙa." Ka ce masa, "Madalla, Alhaji. To a ba mu makulli, malam zai sa mata kwamfuta." In ya fara cewa ai mai motar ba ya son a jona mata komai, ka yi sallama cikin mutunci, ka wuce.

In an yarda, ga abin da mai kwamfutar zai duba. Na farko lambobin matsala: P0A80 a Toyota na nufin batirin haibirid ya gaji. Na biyu, ko an goge lambobin kwanan nan. Motar da aka share wa ƙwaƙwalwa da safe za ta nuna gwaje-gwajenta na ciki ba su kammala ba, kuma nisan da ta yi tun gogewar kaɗan ne. Na uku, ƙarfin kowane rukunin batir yayin da aka sa giya aka take birki aka ɗan ba ta wuta. Ana son su tashi tare su sauka tare. In guda ɗaya na faɗuwa ya bar 'yan uwansa, shi ne zai ja sauran. Ba kowace ƙaramar na'ura da ake sayarwa a kasuwa ke ganin wannan ba, gara mai manhajar kamfani irin Techstream ta Toyota.

Daga nan ɗaga kujerar baya. A Tundra da Tacoma nan batirin yake, mai bolt 288, kuma iskar cikin mota fanka ke ja ta sanyaya shi. Duba ragar da iskar ke shiga. Ƙurar hunturu na toshe ta, haka buhu ko darduma da aka jingina. Batirin da bai samun iska, ga zafin bazara da ke kusan digiri 40, ba ya kai shekarunsa. Wayoyi masu launin ruwan lemo su ne masu babbar wuta. In ka ga an naɗe ɗaya da salatif, wani ya riga ka yin karambani, kuma kai ma kada ka sa hannu.

Ruwa shi ne babban abin tsoro. Yawancin manyan a-kori-kura na Amurka daga gwanjon motocin inshora suke zuwa, wasu haɗari, wasu ambaliya. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai zanen laka. Haska tocila kan ƙarfen da kujera ke gudu a kai, da notocin ƙarƙashin dashbod: tsatsa a wurin da ruwan sama ba ya kaiwa shaida ce. Turare mai yawa a cikin mota shi ma abin tambaya ne. Tsohuwar Hilux da ta sha ruwa ana iya farfaɗo da ita, haibirid da ta sha ruwa kuwa kullum da sabon ciwo. Biya 'yan kuɗi a ciro maka tarihinta da lambar shasi, hotunan gwanjo sukan fito. Da wannan lambar ake duba ko kamfani ya taɓa kiran motar gyara. A 2024 Toyota ta kira Tundra da Lexus LX kusan 100,000 na ƙirar 2022 da 2023 saboda ɓurɓushin ƙarfe a cikin inji, Jeep ma ta kira 4xe kan haɗarin gobarar batir. Garantin shekara 10 da Toyota ke ba batir a Amurka kuma kada ka sa shi a lissafi, ba ya biyo mota Zariya.

Tambaya ta ƙarshe kafin ka taya: in ta tsaya a Hunƙuyi da daddare, wa zan kira? Ka je ka ga mutumin da idonka, ka ga na'urarsa da safar hannunsa ta roba, ka tambaye shi daga ina yake samo batir da kwana nawa yake ɗauka. In amsar ita ce sai an ɗora ta a mota zuwa Abuja, cire wannan daga tayinka, domin wanda zai saya a hannunka shi ma zai cire.

Mataki na shida: riƙo

Kowane gyara a rubuta, da kwanan wata da kilomita, a ajiye rasit a leda ɗaya da takardun mota. A hunturu a riƙa kaɗe matatar iska, ana share ragar batir. Mai gas ya riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin matatar mai, ya tsaya ga gidan mai ɗaya ko biyu da ya yarda da su, kuma mai DPF ya ba ta hanyar Kaduna lokaci-lokaci. Haibirid ba ta son dogon zama, in za ka yi tafiya ka bar wa wani ya riƙa kunna ta yana zagayawa. Hilux an yi ta ne ta ratsa ruwan da bai wuce santimita 70 ba, a hankali, kuma rafin Agusta ba ya nuna zurfinsa daga gaɓa.

In kana tunanin mayar da ita mai iskar CNG, tsohon injin fetur 2.7 ya fi karɓar aikin cikin sauƙi, sabbin masu tobo da haibirid kuwa a bar su yadda suke. Tukunyar iskar za ta ci wani ɓangare na bodi, kuma mai saye zai nemi takardar cibiyar da ta yi aikin.

Mataki na bakwai: sayarwa

Kada adadin naira ya ruɗe ka. Tun da aka saki canji a Yunin 2023 kusan kowa ya sayar da mota sama da yadda ya saya, ya ce ya ci riba, alhali kuɗin ba za su sake sayo masa irinta ba. Ma'aunin gaskiya shi ne: nawa ake sayar da Beljiyam irinta yau, kuma kashi nawa na wannan aka taya taka? Da wannan ma'aunin za ka ga mai sauƙin inji, mai fentin kamfani da cikakkiyar takarda, ita ke kan gaba. Mai gas ta Turai da aka yi wa tiyata a salansa ita ke baya. Haibirid na tsakiya, kuma kuɗinta ya danganta da inda ka kai ta.

Kasuwar Hilux mai fetur a gida take: manoma bayan kaka in an sayar da masara da waken suya, 'yan kwangila, da lokacin siyasa in ya ƙarato. Tundra ko F-150 haibirid masu sonta sun fi yawa a Abuja da Kano da Legas, don haka ka sa ta a intanet da hotuna na gaskiya, har da na ƙarƙashi, maimakon ka bar ta tana shan rana a filin dillali wata uku. Ka yi gwajin batir kafin ka sa ta a kasuwa, ka buga sakamakon a takarda mai kwanan wata, ka miƙa wa mai saye tun bai tambaya ba. In batirin ya fara nuna gajiya, ko ka gyara ko ka faɗa ka rage kuɗi. Ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma Zariya ba ta da girman da mai saye zai kasa gano gidanka.

Ku yanke la'ada da dillali tun kafin ya kawo kowa, a gaban shaida. In an sallama, a rubuta yarjejeniya da lambar shasi da lambar inji da kilomitar da ke kan agogo, a rubuta cewa mai saye ya ga sakamakon gwajin, kowa ya sa hannu. Ka riƙe kwafin komai, kuma kada ka ba da makulli na biyu sai an kammala canjin suna.